Ƙurar hunturu a kan faifan sola: kundin aikin awo da neman gurbin digirin digirgir

9 ga Satumba, 2024

Aikin da wannan kundi zai riƙa bi yana da fuska biyu. Ta farko, kafa ƙaramin wurin awo a kan rufin kankare na wani ginin sashen injiniya a nan Kano, domin a auna wutar da faifan sola ke asara saboda ƙura, daga ɗaukewar damina zuwa faɗuwar ruwan farko. Ta biyu, mutum uku masu digiri na biyu, wato injiniyan lantarki da ke koyarwa a wata kwalejin fasaha, da malamar kimiyyar sinadarai, da wani matashi mai ilimin kwamfuta, kowa ya yanki ɓangarensa na awon ya gina takardar neman gurbin digirin digirgir a kansa.

Abin da ya sa aka haɗa biyun shi ne irin furofozal ɗin, wato takardar tsarin binciken, da ke fita daga wajenmu. Yawancinsu taken ya fi ƙarfin shekara uku: nazarin makamashin rana a Najeriya, ko amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen magance matsalar wuta. Farfesan da ke Jamus ko Ingila akwatin imel ɗinsa cike yake da irinsu. Abin da ba shi da shi, kuma kuɗi ba ya saya masa cikin sauƙi, shi ne awon ƙasa na kullum daga garin da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke sauka a kansa wata uku zuwa huɗu duk shekara. Wannan muna da shi a bakin ƙofa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Wani nazari da mujallar Joule ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa datti ya rage wutar solar da duniya ta samar a 2018 da aƙalla kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. A Kano kuma akwai manyan wuraren da amsar ta shafa kai tsaye: tashar megawat 10 ta Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso da aka ƙaddamar a Janairun 2023, da tashar haɗaka mai megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka ƙaddamar a 2019, ban da dubban rufin gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse. Tambayar da kowannensu ke bukatar amsarta ɗaya ce: bayan kwana nawa ya kamata a wanke, kuma da wane ruwa.

18 ga Satumba, 2024

An zauna an jera hanyoyin samun kuɗi, an duba wadda ta dace da kowa. Ba duka suke da nauyi ɗaya ba.

Tallafin Commonwealth na cikakken digirin digirgir a Ingila yana buɗe yanzu, zai rufe a tsakiyar Oktoba. Ɗan Najeriya yakan cike a shafin hukumar da ke Landan, sannan ya bi ta hukumar tallafin karatu ta gwamnatin tarayya da ke Abuja, domin ita ke miƙa sunaye. Wanda ya cike ɗaya ya bar ɗaya ya yi aikin banza. Ana bukatar wasiƙar goyon baya daga malamin da zai duba aikin a can, da wasiƙun shaida aƙalla biyu, da bayani a rubuce kan yadda binciken zai amfani ƙasa. Akwai kuma ƙanensa da mutane ba su cika kulawa da shi ba: wanda ya riga ya yi rajistar digirin a jami'ar gida zai iya neman zuwa Ingila na wata 12, ko sau biyu wata shida-shida, ya yi ɓangaren aikin da babu kayansa a nan ya dawo. Ga aiki irin namu, wanda awonsa dole a Kano za a yi shi, wannan ya fi dacewa da cikakken.

DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, tana son wasiƙar amincewa daga farfesan can, kuma a ƙa'idarta digirin ƙarshe kada ya wuce shekara shida da kammalawa. Wannan sharaɗi ya fitar da injiniyan daga layin. Ita ma tana da tsarin da malamai biyu, na gida da na Jamus, ke duba aiki tare.

Guraben Marie Curie na Tarayyar Turai ba tallafi ba ne, aiki ne da albashi. Ana tallata su a shafin Euraxess duk tsawon shekara, taken binciken an riga an tsayar da shi, kuma sharaɗin shi ne mutum bai zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 ba cikin wata 36 da suka wuce, bai kuma riga ya mallaki digirin digirgir ba. Sun fi dacewa da mai ilimin kwamfutar, wanda ƙwarewarsa za ta shiga kowane take.

A gida akwai RSIF, asusun tallafin digirin digirgir da cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa. Jami'ar Bayero na cikin jami'o'in da ke karɓar ɗalibansa a fannin sauyin yanayi ta Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, jami'ar AUST ta Abuja kuma a fannin ma'adanai da kimiyyar kayan ƙira. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, tana kallon abin da ya shafi man fetur da makamashi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuwa ta malaman manyan makarantun gwamnati ce kaɗai, ta hannun makarantar da mutum ke aiki, don haka injiniyan ne kawai ya cancanta.

30 ga Satumba, 2024

Kayan awo sun haɗu. Tsarin shi ne wanda ƙa'idar IEC 61724-1 ta bayyana: fayafayai biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a wanke shi kullum, ɗaya a bar shi. A raba wutar mai datti da ta mai tsabta, abin da ya fito shi ne lissafin dattin ranar. Idan ya ba da 1 babu asara, idan ya ba da 0.90 an rasa kashi goma.

An sayi fayafayai biyu masu wat 50 daga kwali ɗaya, da na uku mai wat 10 wanda zai riƙa cajin batir mai bolt 12, amfiya-awa 7, domin kada awon ya dogara da wutar gini. Sai allon ESP32 mai sarrafa awon, da agogon DS3231, da ramin memori, da masu auna zafi DS18B20 guda uku, da masu auna wuta INA226 guda biyu.

Abin da za a auna shi ne wutar da faifai ke bayarwa idan aka haɗe bakunansa biyu kai tsaye, wadda ake rubutawa Isc a bayan faifan. An zaɓe ta ne saboda tana bin hasken da ya ratsa gilashi kusan daidai wa daida, kuma zafi bai cika taɓa ta ba: kusan kashi 0.05 cikin ɗari a kowane digiri, alhali ƙarfin faifan gaba ɗaya yana sauka da kusan kashi 0.4 a kowane digiri. Illarta ita ce idan dattin bai bazu daidai ba, misali ya taru a gefen ƙasa ko tantabara ta yi kashi a kan sel ɗaya, Isc ba ta nuna ainihin asarar. Za a riƙa ɗaukar hoto duk mako saboda wannan.

A kan INA226 akwai tarkon da ya kamata duk mai shirin irin wannan aiki ya sani. Guntun kansa ba ya karanta fiye da milibolt 81.92 a kan rezistar da wuta ke bi ta cikinta. Yawancin allunan da ake sayarwa suna zuwa da rezista mai rubutun R100, wato om 0.1, don haka iyakarsu amfiya 0.82. Faifai mai wat 50 yana ba da kusan amfiya 3 da tsakar rana. Allon ba zai nuna wani kuskure ba, zai tsaya ne a 0.82 tun hantsi har la'asar, fayafayan biyu su yi kunnen doki, mutum ya ɗauka babu datti. An cire R100 an like R010 a gurbinta: iyaka ta koma amfiya 8.19, a amfiya 3 milibolt 30 kawai ke faɗuwa a kanta, zafin da take fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba. INA219 da ta fi yawa a kasuwa tana kaiwa amfiya 3.2, wanda ya yi kusa da baki ƙwarai, shi ya sa aka bar ta. An haɗa ƙafar A0 ta allo na biyu domin adireshinsa ya zama 0x41, na farko ya zauna a 0x40.

11 ga Oktoba, 2024

Mai walda ya gama firam. Ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da fayafayan biyu, an karkata shi digiri 12, daidai da layin da Kano take a arewacin ikwaita, yana fuskantar kudu. Kamfas ɗin waya bai yi amfani a kan rufin ba, rodin da ke cikin kankaren yana jan shi. An kafa sanda a tsaye aka ja layi a kan inuwarta lokacin da rana ta kai tsakiya, wannan layi shi ne kudu da arewa na gaskiya. An ɗaure ƙafafun da bulo huɗu cike da siminti maimakon huda rufin.

A ɓangaren takardu, an yanke shawarar kada kowa ya shiga cikakken tallafin Commonwealth na bana. Babu wasiƙar malamin Ingila a hannu, kuma wasiƙar da aka roƙa cikin kwana huɗu daga wanda bai san aikin ba takan fito salam, masu tantancewa suna gane ta. Dukansu uku sun nemi cikakkiyar takardar sakamakonsu ta digirin farko da na biyu tun yanzu, tun ba a bukace ta ba, domin ita ce takardar da ta fi kowace jinkirin fitowa kuma babu yadda mai nema zai hanzarta ta.

24 ga Oktoba, 2024

Kwana goma ana wanke fayafayan biyu kowace safiya, ba a bar ko ɗaya da datti ba. Wannan shi ne daidaitawa, kuma tsallake shi ne ke lalata yawancin irin wannan awo. Fayafayai biyu daga kwali ɗaya ba sa ba da wuta ɗaya, rezistocin ma kowace tana da ɗan bambancinta. Ana ɗaukar matsakaicin rabon da suka bayar suna tsabta, a riƙa raba duk awon gaba da shi. An kuma musanya allunan INA226 na yini biyu domin a gane wane ɓangare na bambancin na faifai ne, wane na allo.

A kwanakin farko rabon bai kwanta ba: da safe yana sama kaɗan, da yamma yana ƙasa. Wannan alamar cewa fuskokin biyu ba su kalli wuri ɗaya ba ne, ɗaya ya ɗan juya gabas. An sa siraran zobban ƙarfe biyu a ƙarƙashin kusurwa ɗaya, layin ya miƙe.

Awon da ake lissafi da shi na kusa da tsakar rana ne kawai, awa biyu kafin da awa biyu bayan, domin idan haske ya zo a karkace ƙura tana tare shi fiye da kima. Sai dai tsakar rana a Kano ba ƙarfe goma sha biyu ba ce. Agogon Najeriya an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas, Kano kuma tana wajen 8.5, wanda ya jinkirta ta da kusan minti 26. Idan aka haɗa da sauyin da ke zuwa da watanni, zawali yana faɗawa wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ya kai wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Duk mai lura da kiran sallar azahar ya san da wannan tafiya. Manhajar tana lissafa shi kowace rana.

Daga gobe faifan dama ba za a sake taɓa shi ba.

6 ga Nuwamba, 2024

Gyara biyu. Ɗaya daga masu auna zafi yana jefa 85 jefi-jefi, wani lokaci kuma -127. Na farko shi ne adadin da DS18B20 ke ɗauke da shi idan ya farka bai gama awo ba, na biyu kuma yana nufin waya ta saki. An rage tsawon wayar, an sake like rezistar kilo-om 4.7, an sa manhaja ta watsar da waɗannan adadi biyu. Na biyu, allon agogon yana da ɗan layin caji da aka yi domin batir mai cajuwa, kuma yana kumbura batirin CR2032 na gama-gari. An cire dayod ɗin layin.

2 ga Disamba, 2024

A ƙarshen watan jiya TETFund ta sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga 1 ga Janairu, 2025, bisa dalilin tsadar kuɗin waje da kuma waɗanda ba sa dawowa. Tallafin karatu a cikin gida yana nan. Ga injiniyan hanya ta fito fili: ya yi rajista a jami'ar gida da tallafin cikin gida, daga baya ya nemi wata 12 na Commonwealth da zarar rajistar ta tabbata kuma an samu alaƙa tsakanin sashensa da na can, tunda tsarin yana bukatar wasiƙa daga malaman biyu.

An fara aika wasiƙu ga masu bincike. An zaɓi wuraren da aikin datti a kan sola ya zama sana'arsu: Fraunhofer CSP a birnin Halle na Jamus, QEERI a Katar, Green Energy Park a Benguerir ta Maroko, da wasu sassan jami'o'i a Ingila da Sifaniya. Tsarin wasiƙar bai wuce sakin layi uku ba. Na farko ya ambaci takarda ɗaya ta mutumin da abin da ta bari ba a amsa ba. Na biyu ya ce ga wurin awo a Kano, ga abin da yake aunawa, ga tun yaushe. Na uku ya yi tambaya ɗaya tak. An liƙa shafi ɗaya mai hoton firam ɗin da zanen awon mako biyar. Ba a sa doguwar gaisuwa ba, ba a kuma fara da maganar kuɗi ba. Wannan ya yi wa mutanenmu wuya, domin a wajenmu shiga magana babu gaisuwa rashin ladabi ne, amma mai karantawa a waya tsakanin aji da aji layi biyun farko yake gani.

19 ga Disamba, 2024

Hazo ya sauka sosai a makon nan, ana iya kallon ƙwayar rana da ido da hantsi, fara fat kamar faranti. Zanen lissafin dattin ba ya sauka a miƙe. Yakan tafi a hankali na kwanaki, sai hazo mai kauri ya zo ya faɗi mataki guda, sannan ya ci gaba daga inda ya faɗa. Wannan siffa ita ce zuciyar furofozal ɗin injiniyan, domin jadawalin wanki na kowane kwana kaza ba zai dace da asarar da ke zuwa a dunƙule ba.

A nan kuma wata matsala ta fito daga tsarin kansa. An sa manhaja ta watsar da duk awon da hasken bai kai kusan wat 500 a murabba'in mita ba, domin a guje wa gajimare. A ranakun hazo mafi kauri hasken yana faɗuwa ƙasa da haka na wani ɓangare na tagar awon, sai matatar ta zubar da ranakun da aka kafa wurin dominsu. An sauke iyakar zuwa 300, ana sa wa irin waɗannan ranaku alama daban. Da yake ɗanyen awon kowane minti yana cikin memori, babu abin da ya ɓace.

An ƙara PMS5003 domin auna ƙurar iska, kuma ba za a dogara da ita ba. An san wannan na'ura da ganin ƙananan ƙwayoyi irin na hayaƙi, amma manyan ƙwayoyin ƙurar sahara ba ta kama su yadda ya kamata, adadin PM10, wato ƙurar da ta haɗa da manyan ƙwayoyi, da take bayarwa kusan ƙiyasi ne daga ƙananan. A ranar da hazo ya fi kauri ta motsa kaɗan, da magariba da aka kunna wa bola wuta a bayan katanga kuwa ta haura sama. Wadda ke ƙirga manyan ƙwayoyi da gaske, irin OPC-N3 ta Alphasense, ta fi ƙarfin aljihun aikin, an sa ta a kasafin furofozal.

Ranar 16 ga wata lissafin ya koma 1 cikin dare ɗaya. Da aka tambaya, mai gadin ginin ya ce: «Malam, na ga kullum ɗaya kuke wankewa kuna mance ɗan'uwansa, shi ne na taimaka.» Aka ce masa: «Baba, Allah ya saka da alheri, amma dattin nan shi muke nema.» An rubuta ranar a matsayin wanki, zagaye na biyu ya fara daga nan. An ɗaura jan ƙyalle a firam ɗin dama, an kuma ɗora wa Baba alhakin hana kowa taɓa shi, wanda ya fi kowane allon gargaɗi aiki.

14 ga Janairu, 2025

Ɓangaren malamar sinadarai. Tambayarta ita ce mene ne a cikin ƙurar, kuma me ke sa wata ta manne wata iska ta kwashe ta.

An fara da gilasan madubin ƙara girma masu milimita 25 da 75. Faɗinsu bai kai murabba'in santimita 19 ba, don haka giram ɗaya na ƙura a murabba'in mita yana ba da ƙasa da miligiram 2 a kansu. Sikelin ɗakin gwaji yana karanta miligiram 0.1, kuskuren ya yi yawa a awon mako ɗaya. An koma gilashi mai santimita 10 da 10, kaurin milimita 3, nauyinsa kusan giram 75, wanda sikelin ke ɗauka, kuma giram ɗaya a murabba'in mita ya zama miligiram 10. An jera goma sha biyu a karkace irin na fayafayan, ana cire ɗaya duk mako. Ana saukowa da shi a kwance cikin roba mai murfi, domin ƙurar hunturu busasshiya ce, tafiyar matakalar bene kaɗai tana zubar da ita. Yana kwana a tukunyar busarwa kafin awo da bayansa, ba a kuma taɓa shi sai da safar hannu.

A hunturu iska ta bushe, raɓa ba ta cika sauka ba, ƙurar kwance kawai take. Mannewa tana zuwa ne idan laima ta jiƙa ta, gishirin da ke ciki ya narke, rana ta fito ta busar da shi ya zama kamar siminti. Saboda haka gilasan ƙarshen Oktoba da na watan Afrilu za su fi na Janairu muhimmanci. Akwai kuma abin da Kano ke ƙarawa a kan ƙurar sahara: hayaƙin janareto da na adaidaita sahu da ƙona shara, masu maiƙo da baƙi. Raba wannan da wancan yana bukatar na'urorin gano sinadarai na XRF da XRD da madubin lantarki. Ana tuntuɓar Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kan gano sinadaran da ke ciki.

An kuma daina wanke faifan hagu da ruwan burtsatse. Yana barin farin tabo idan ya bushe, ma'ana faifan da ake kira mai tsabta yana tara nasa dattin, asarar ta fito ƙasa da gaskiya. Yanzu rabin lita na tataccen ruwan ɗakin gwaji da tsumma mai laushi, kafin ƙarfe takwas, gilashi bai yi zafi ba.

5 ga Fabrairu, 2025

Daftarin farko na mai ilimin kwamfutar ya yi alƙawarin gina babbar manhaja mai koyon kanta da za ta hango asara. An mayar masa. Lissafin datti adadi ɗaya ne a rana, kakar hunturu guda ba za ta ba da fiye da ɗari da 'yan kai ba, wannan ba abincin irin waccan manhaja ba ne. Ya kuma gauraya ranakun ya raba su kashi biyu ba tare da bin jerinsu ba, sakamakon ya fito da kyau fiye da kima, saboda dattin yau ɗan na jiya ne, manhajar tana leƙen amsa. Dole a koyar da ita da farkon kaka a gwada ta da ƙarshe.

Sabon daftarin ya fi ƙanƙanta kuma ya fi ƙarfi. A cikin pvlib, manhajar lissafin sola ta harshen kwamfuta na Python, akwai tsarin lissafin datti guda biyu, Kimber da HSU. Kimber yana ɗauka cewa asara tana ƙaruwa da adadi ɗaya kullum har ruwa ya wanke, HSU kuma yana amfani da adadin ƙurar iska na PM2.5 da PM10 da ruwan sama da karkatar faifai. Dukansu daga Kalifoniya suka fito. Tambayar ita ce ina suke kuskure a Kano, kuma ko bayanan ƙura na MERRA-2 na NASA da CAMS na Turai za su iya gyara su, alhali kowane murabba'in MERRA-2 ya haura kilomita 50. Tashoshin auna ƙurar sama na AERONET da za a gwada waɗannan bayanai da su suna nesa, irin ta Ilorin da ta Banizumbu a Nijar, wanda shi kansa hujja ce ta bukatar awo a nan.

26 ga Fabrairu, 2025

Amsoshi biyu masu ma'ana sun zo, dukansu tambayar farko ɗaya ce: yaya aka daidaita fayafayan, kuma nawa ne kuskuren awon. Ba wanda ya tambayi matsayin digiri tukuna. An haɗa shafi biyu kan daidaitawar Oktoba da musanyar alluna, an aika tare da ɗanyen awo.

Ga masu kallon Ingila, abubuwan da ke cin lokaci bayan samun gurbi: sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, sassan injiniya da yawa suna neman 6.5, wasu jami'o'in kuma suna karɓar Turancin WAEC, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin jarrabawa. Digirin bincike a yawancin fannonin injiniya da kimiyyar kayan ƙira da kwamfuta yana bukatar takardar tantancewar tsaro ta ATAS kafin biza. Kyauta ce, amma a ware mata aƙalla kwanakin aiki 30, kuma bayanin binciken da aka rubuta a ciki dole ya zama wanda jami'ar ta amince da shi. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, da kuɗin lafiya fam 776 a kowace shekara. Tun Janairun 2024 ɗaliban digirin bincike ne suka rage cikin masu iya tafiya da iyali, sai waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, amma ba kowane tallafi ke biyan kuɗin iyalin ba.

20 ga Maris, 2025

Hazo ya janye, zafi ya shigo. Akwatin na'urorin yana ɗaukar zafi har memori ya tsallake rubutu sau da yawa da tsakar rana, daidai lokacin da ake bukatarsa. An mayar da akwatin ƙarƙashin inuwar faifai, an huda shi ta ƙasa an rufe hudojin da raga. Saboda azumi wankin safe ya koma bayan asuba.

Injiniyan ya miƙa takardun rajista a gida. Malamar sinadarai tana rubuta furofozal tare da wani rukunin Jamus domin zagayen DAAD mai zuwa, tana kuma jiran RSIF ta buɗe. Mai ilimin kwamfutar ya shiga gurabe biyu a Euraxess, ɗaya an kira shi ganawa ta bidiyo, an tanadi layin intanet biyu da batir.

Abin da ke gaba shi ne ruwan farko. Yayyafi kaɗan ba ya wanke faifai, yakan kwaɓa ƙurar ya tara ta a gefen ƙasa, a nan ne Isc za ta fara ɓoye asara. Ana bukatar ma'aunin ruwan sama mai karanta milimita 0.2 a kafa shi kafin tsakiyar Afrilu, da na'urar zana layin wuta da boltej aro daga sashen lantarki domin a auna cikakken ƙarfin fayafayan sau biyu a mako. Daga wajen 22 ga Afrilu rana za ta koma arewacin kanmu har zuwa wajen 21 ga Agusta, don haka za a duba ko tankin ruwan da ke arewa da firam ɗin zai fara jefa inuwa. An ware gilasai shida sababbi da za a jera a daren da hadari ya fara haɗuwa.